Tarihin Jak Kusto, Bafaranshen Da Ya Koya Wa Mutane Numfashi A Ƙarƙashin Teku

 Wannan tarihin wani Bafaranshe ne mai suna Jak Kusto, wanda mutanen ƙasarsu ke rubutawa Jacques Cousteau. Shi ne, tare da wani injiniya abokin aikinsa, ya fito da na'urar da mutum ke goyawa a bayansa ya nutsa cikin teku yana numfashi, ba tare da igiya ko tiyo da ke haɗa shi da sama ba.

A wannan zamani, a tsibiran ƙasashe masu zafi, irin su Zanzibar da Maldif da Ko Tawo na ƙasar Tailan, baƙo yakan sauka alhali bai taɓa sa kansa cikin ruwan gishiri ba, ya biya kuɗi, malamin nutso ya karɓe shi. Cikin kwana 3 ko 4 an koya masa sana'ar, an ba shi takardar shaida mai kama da ijaza, wadda ta halatta masa sauka zurfin mita 18. Mita kuwa ta ɗara yadi da kaɗan. Kafin a bar shi ya shiga ruwa, malamin yakan jera masa dokoki: kada ya riƙe numfashi, kada ya hau da gaggawa, kada ya wuce zurfin da aka yanka masa, kada ya nutsa shi kaɗai. Almajirin yakan haddace su cikin sa'a guda, ba tare da ya san abin da aka biya kafin a same su ba. Waɗansunsu an gaje su daga likitocin da suka gabata, waɗansu kuwa Kusto da abokansa ne suka saye su da jikinsu, domin su ba su da malamin da za su tambaya.

Fasali na farko: Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Kusto ran 11 ga Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari mai suna Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordo, a kudu maso yammacin Faransa. Ubansa Daniel masanin shari'a ne, yana yi wa waɗansu attajiran Amurka hidima, yana bin su duk inda suka tafi. Yaron ya taso da yawan ciwon ciki da ƙarancin jini, siriri ƙwarai, har likitoci suka hana shi wasanni masu wahala. Duk da haka ya iya iyo tun yana ɗan shekara 4.

Cikin 1920 iyayensa suka koma birnin Niyok da zama. Da rani aka kai shi wani sansanin yara a bakin wani tafki a jihar Bamont, inda aka sa shi aikin tsamo rassan itatuwa daga gindin ruwa. A nan ya fara kurme, ido buɗe cikin laka, ba ya ganin kome sai lalube. Da suka komo Faransa, yana ɗan shekara 13, ya tara kuɗinsa ya sayi na'urar ɗaukar hoto mai motsi, ya kwance ta ya sāke haɗawa don ya ga yadda take aiki. Karatu kuwa bai dame shi ba, har aka kore shi daga makaranta saboda fasa gilasan tagogi. Sai iyayensa suka kai shi wata makarantar kwana mai tsananin horo a lardin Alsas, a can ya natsu.

Cikin 1930 ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Faransa. Ya kewaya duniya cikin jirgin koyarwa, ya yi aiki a gabas mai nisa har Shanghai. Amma burinsa shi ne tuƙin jirgin sama, ya kuwa shiga koyo. Yana gab da gamawa, wata rana da dare ya ari motar ubansa zai halarci bikin wani aboki a cikin duwatsu, fitilun motar suka mutu, ta kauce hanya ta wuntsila. Hannuwansa biyu suka karye, ɗaya ya ruɓe har likitoci suka yi shawarar yanke shi. Kusto ya ƙi faufau. Ya yi watanni yana jinya kafin yatsunsa su motsa. Hannu ya tsira, amma zancen jirgin sama ya ƙare.

Fasali na biyu: Ranar da ya fara gani

Cikin 1936 aka tura shi Tulon, babbar tashar jiragen yaƙin Faransa a bakin Bahar Rum. A can ya gamu da wani hafsa, Philippe Tailliez, wanda ya ba shi shawara ya riƙa iyo kullum don hannuwansa su yi ƙarfi. Wata rana a gaɓar Mourillon, Tailliez ya ara masa tabarau na masu kurme, mai roba a gefe don kada ruwa ya shiga. Hikimar wannan tabarau ita ce, idon ɗan Adam ba ya gani sosai sai da iska a gabansa. In ruwa ya taɓa ƙwayar ido, kome sai ya zama dishi-dishi, amma in aka tsare 'yar iska tsakanin ido da gilashi, gani ya komo.

Kusto ya sa kansa cikin ruwan da bai kai masa wuya ba, sai ga duwatsu lulluɓe da ciyayi, ga kifaye suna kai da kawowa. Ya ɗaga kai, ga gari da mutane da motoci kamar kullum. Shekara 6 yana sojan ruwa, ya ratsa tekuna, ashe bayan teku kaɗai ya sani. Gani ya kori ji. Daga ran nan hankalinsa bai sāke barin ƙarƙashin ruwa ba.

Cikin 1937 ya auri Simone Melchior, 'yar wani tsohon babban hafsan sojan ruwa wanda ya koma aiki a kamfanin Air Liquide, masu matsa iska cikin tukwanen ƙarfe. Suka haifi 'ya'ya maza biyu, Jean-Michel a 1938, da Philippe a 1940. Ana nan kuma wani gwanin farautar kifi da mashi, Frédéric Dumas, ya shigo cikinsu, suka zama su uku ba a raba su.

Abin da ya tsaya musu a rai shi ne gajartar numfashi. Mai kurme, kome gwanintarsa, minti 1 ko 2 ne ya taso. Akwai dai masu nutso na tashar jiragen ruwa, waɗanda ake sa wa kwalkwalin tagulla da takalman dalma, ana tura musu iska ta tiyo daga sama, amma waɗannan kamar dabbar da aka ɗaure a turke suke, iyakarsu tsawon igiyarsu. Kusto ya sa wani maƙerin bindigogi na jirginsu ya haɗa masa wata na'ura mai ba da zallan oksijin, wato sashen iska da ke rayar da jiki. Ya sauka da ita wajen mita 14, sai jikinsa ya kama karkarwa kamar mai farfaɗiya. Da ƙyar ya kwance ɗamarar dalmar da ke ƙugunsa kafin ya suma, ya taso bisa ruwa aka tsamo shi. Ya gyara na'urar ya sāke gwadawa, abin ya sāke faruwa. Ta haka ya tabbata cewa zallan oksijin guba ne a zurfi. Shi ya sa tukunyar da ake goya wa almajirin nutso ba oksijin ke ciki ba, iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, an dai matsa ta ne.

Fasali na uku: Yadda aka sami na'urar

Sai mai karatu ya fahimci abin da ya sa al'amarin ke da wuya. Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, amma jiki ya saba da shi. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba: duk mita 10 da mutum ya sauka, an ƙara masa kwatankwacin nauyin iskar sama gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya ce zai kwanta a gindin ruwa ya riƙa zuƙar iska ta dogon kara, ko a zurfin mita 1 ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. Dole iskar da zai shaƙa ta zo masa da ƙarfi daidai da na ruwan da ke danne shi, ba ƙari ba ragi, ta kuma riƙa sauyawa yayin da yake hawa da sauka.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta mamaye Faransa, fetur ya yi wuya. Wani injiniya na Air Liquide, Émile Gagnan, ya ƙera wani ɗan bawul don motoci su yi tafiya da gas maimakon fetur. Ta hanyar surukinsa, Kusto ya sadu da Gagnan a Faris cikin Disamba, 1942, ya gaya masa bukatarsa, Gagnan ya nuna masa bawul ɗin. A cikinsa akwai faifan roba mai kama da fatar ganga. Ruwa yana danna faifan ta waje. In mutum ya ja numfashi, faifan ya lotsa ciki ya buɗe ƙofar iska, in ya daina ja ƙofar ta rufe. Ruwan da kansa ne ke auna ƙarfin iskar da za a ba mai nutso.

Cikin Janairu, 1943, suka gwada a kogin Marn, kusa da Faris, cikin tsananin sanyi. In Kusto ya kwanta sosai, numfashi lafiya lau. In ya miƙe tsaye, iska ta yi ta zuba a banza. In ya juya kai ƙasa, ta ƙi zuwa. Suka koma da ɓacin rai, amma tun a hanya suka gano dalili: mafitar iskar da mashigarta ba a wuri ɗaya suke ba, saboda haka nauyin ruwan da ke kansu ya bambanta. Suka mai da su dab da juna, matsala ta ƙare.

Cikin Yuni, 1943, akwati ya iso tashar jirgin ƙasa ta Bandol, wani gari a bakin teku kusa da Tulon. Da sassafe suka tafi wani lungun gaɓa inda sojojin mamaya ba za su lura ba. Kusto ya goya tukwane 3, ya sa tabarau da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Dumas ya tsaya a gaɓa cikin shiri, Simone kuwa tana iyo a bisa ruwa tana kallon mijinta, in ta ga alamar wahala ta yi ishara. Ya sauka wajen mita 18. Ya yi alkafura, ya juya kai ƙasa, iska ba ta yanke ba. Ya shiga wani kogo ya tarar da manyan jatan lande manne a rufinsa, ya kamo ya miƙa wa matarsa, gidan da yunwar yaƙi ta matsa wa suka ci suka ƙoshi. Kafin wannan rani ya wuce, su uku sun yi nutso wajen sau 500. Bayan yaƙi, cikin 1946, aka fara sayar da na'urar a kasuwa, a ƙasashen masu jin Ingilishi kuwa aka san ta da sunan Aqua-Lung, ma'ana huhun ruwa.

Fasali na huɗu: Dokokin da abin da aka biya

Samun na'ura dabam, sanin iyakarta dabam. Doka ta farko ita ce ta riƙe numfashi. Iskar da mutum ya cika huhunsa da ita a zurfin mita 10, in ya taso sama sai ta ninka girmanta biyu, domin nauyin da ke matse ta ya ragu da rabi. In ya toshe maƙogwaronsa saboda tsoro, huhun zai yage kamar salkar da aka cika fiye da kima. Shi ya sa malamin nutso ba ya gajiya da maimaita wannan, domin ɗabi'ar mutum in ya firgita cikin ruwa ita ce ya riƙe numfashi ya yi sama.

Ta biyu ita ce hawa sannu. Wannan an gaje ta ne daga Paul Bert na Faransa, wanda ya bayyana dalilinta a 1878, da John Haldane na Birtaniya, wanda ya tsara jadawalin hawa a 1908. Kusan kashi 4 cikin 5 na iska wani sashe ne da ake kira naitirojin. A zurfi yakan narke cikin jini da tsoka. In aka hau a hankali ya fita ta numfashi, in aka yi gaggawa ya tashi da kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, kumfan ya tsaya a gaɓoɓi ko laka, ya jawo azaba ko shanyewar jiki ko mutuwa. Don haka ake sa almajiri ya dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya fito, a kuma hana shi hawa jirgin sama sai ya huta sa'o'i masu yawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku ita ce iyakar zurfi. Cikin Oktoba, 1943, Dumas ya sauka mita 62 kusa da Marsel. Ya fito yana ba da labarin wani irin maye da ya kama shi, ya ji daɗi da rashin damuwa, tunaninsa ya yi nauyi. Naitirojin ɗin nan ne ke bugar da mutum a zurfi kamar giya, har ya manta hatsarin da yake ciki.

Ta huɗu ita ce tsabtar iska. Bayan yaƙi rundunar ruwa ta kafa ƙungiyar binciken ƙarƙashin teku a Tulon cikin 1945, suna kwance nakiyoyin da aka bari a tashoshi. Cikin Agusta, 1946, suka tafi wata maɓuɓɓuga mai zurfi a Vaucluse don su gano mafarin ruwanta. Kusto da Dumas suka sauka ɗaure da igiya ɗaya. Can ƙasa sai kansu ya juya, Dumas ya kusa suma, ruwa na shiga bakinsa. Wani ƙaramin hafsa mai suna Maurice Fargues ke riƙe da igiya a sama. Da ya ji motsinta ya rikice, bai tsaya jiran ishara ba, ya jawo su da ƙarfi, suka tsira da ƙyar. Da aka bincika, ashe sabon injin da ke cika tukwanen yana zuƙar hayaƙin kansa ne yana turawa ciki, irin gubar nan da ke kashe wanda ya kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Ga kuma hujjar dokar da ta hana nutso ba abokin lura.

Shekara guda bayan wannan, cikin Satumba, 1947, suka shiga gwajin iyakar da mutum zai iya kai wa da iska. Aka saukar da igiya da alluna ɗaure a jikinta, kowa ya sa hannu a allon da ya kai. Fargues, wanda ya fi su ƙarfi, ya sauka. Can sai ishara ta yanke. Aka jawo shi, bututun iska ya fita daga bakinsa, aka yi ta ƙoƙarin farfaɗo da shi sa'o'i da yawa, bai farfaɗo ba. Da aka duba alluna, sai ga alamar hannunsa a mita 120. Mutumin da ya ceci Kusto ya mutu cikin gwajin ƙungiyarsu. Ruwa kan ci gwani. Daga nan suka bar gasar zurfi, suka yanka wa kansu iyaka. A yau ƙungiyoyin koyarwa suna tsayar da sabon almajiri a mita 18, wanda ya ƙware kuwa, in don nishaɗi yake nutso, ba ya wuce mita 40.

Fasali na biyar: Kalifso da tekuna masu ɗumi

Cikin 1950 Kusto ya ga wani tsohon jirgin share nakiya na Ingila a tsibirin Malta, an mai da shi jirgin fito, sunansa Kalifso. Wani attajiri, Loel Guinness, ya saya ya ba shi haya a kan faran 1 a shekara. Simone ta sayar da kayan adonta don a sayi mai. Ita ce ta fi kowa daɗewa cikin jirgin, har ta fi mijinta, ma'aikata suna kiranta makiyayiya saboda yadda take kula da su.

Ran 24 ga Nuwamba, 1951, Kalifso ya tashi daga Tulon zuwa Bahar Maliya, tekun nan da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna ƙetarewa daga Sawakin ko Bur Sudan zuwa Jidda. Suka yi zango a tsibirin Abu Lat, kudu da Jidda. A nan Kusto da masanan da ke tare da shi suka nutsa cikin duwatsun murjani. Fatake su sani, jan murjanin da mata ke ado da shi daga Bahar Rum ake samo shi, wannan kuwa danginsa ne. Waɗansu ƙananan halittu ne masu rai, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su yi gini bisa na iyaye, har bayan dubban shekaru ya zama ganuwa mai fasa jirgi. Ba ya yabanya sai a ruwa mai ɗumi, mai haske, marar zurfi. Wannan ne dalilin da ya sa masu koyon nutso ke nufar tsibiran ƙasashe masu zafi: ruwa garau, ba sanyi, abin kallo kuma yana kusa.

Cikin 1954 wani kamfanin mai na Ingila ya ɗauki Kalifso haya don binciken gindin teku a gaɓar Abu Dabi. Masu nutso suka yi ta fasa dutse suna kawo samfuri, cikin 1958 kuwa aka haƙo mai a wannan ruwa. A wannan tafiya Kusto ya ga ragowar masu nutson lu'ulu'u na Larabawa, waɗanda ke matse hanci da ɗan maƙali, su taka dutse mai igiya su sauka da numfashi ɗaya, abokinsu na sama yana jira ya jawo su. Sana'arsu ta riga ta durƙushe tun wajen 1930, sa'ad da lu'ulu'un da Japanawa ke renonsa cikin kawa ya cika kasuwa.

Cikin 1953 ya fitar da littafi tare da Dumas, mai suna Duniyar Shiru. Cikin 1956 aka nuna majigi mai wannan suna, mai launi, ya ci babbar kyauta a birnin Kan na Faransa, sa'an nan ya ci ta Amurka da ake kira Oska. Mutane miliyoyi suka ga cikin teku karo na farko, da yawa kuma suka yi sha'awar shiga da kansu. Da masu nutso suka yawaita, hatsari ya yawaita, sai bukatar tsarin koyarwa ta taso. Cikin 1959 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nutso ta duniya a Monako, aka naɗa Kusto shugabanta na farko. A Amurka ma aka kafa irinta, kamar PADI a 1966.

Cikin 1963 ya komo Bahar Maliya, wurin da ake kira Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan. Ya kafa gidan ƙarfe a zurfin mita 10, mutum 5 suka zauna ciki wata guda, suna ci suna barci, suna fita aiki su komo, har da aku a tare da su. Waɗansu mutum 2 suka yi mako guda a wani ƙaramin ɗaki da ya fi wannan zurfi. Ragowar ginin tana nan a gindin ruwa, murjani ya lulluɓe ta. Cikin 1965 mutum 6 suka yi mako 3 a zurfin mita 100 kusa da birnin Nis. Daga baya ya bar ra'ayin cewa mutane za su yi ƙaura zuwa ƙarƙashin teku. Daga 1968 zuwa 1976 aka yi ta nuna tafiye-tafiyensa a talabijin, har jar hularsa ta zama sananniya a duniya.

Fasali na shida: Mafarauci ya zama mai gadi

Ba a ɓoye laifin mutum don an yaba masa. A cikin majigin nan na 1956 an ga mutanen Kalifso sun tayar da nakiya a dutsen murjani don su ƙidaya kifayen da suka mutu, an kuma gan su suna karkashe manyan kifayen nan masu cizo da ake kira shak, don fushi kawai. A lokacin ba a ga aibin haka ba. Amma Kusto ya yi ta komawa wuraren da ya sani shekara da shekaru, ya ga kifi na raguwa, murjani na mutuwa, ƙazanta na ƙaruwa. Shi da ya buɗe ƙofar ya gane cewa mai ɓarna ma ta nan yake shiga.

Cikin 1960 hukuma ta shirya zubar da sharar makamashin nukiliya a Bahar Rum. Kusto, wanda tun 1957 yake shugaban gidan nazarin teku na Monako, ya tashi tsaye ya yi ta kira, jama'a suka goyi bayansa, aka fasa. Cikin 1973 ya kafa ƙungiya mai sunansa don kare teku. Da tsufansa ya yi ta bin shugabanni a kan kada a haƙa ma'adinai a Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudu, cikin 1991 kuwa aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid da ta hana. Daga irin wannan tunani ne wata doka ta shiga cikin karatun almajirin nutso: ya duba da ido, kada ya taɓa murjani, kada ya ɗauko kome.

Fasali na bakwai: Ƙarshensa

Ƙarshen rayuwarsa ya haɗa girma da baƙin ciki. Cikin Yuni, 1979, ɗansa Philippe, wanda ya so ya gaje shi, ya mutu cikin hatsarin jirgin sama mai sauka a ruwa, a kogin Tagus kusa da Lisbon. Cikin 1988 aka zaɓe shi cikin majalisar mutum 40 masu kula da harshen Faransanci. Simone ta mutu a 1990. Cikin 1991 ya auri Francine Triplet, sai ta bayyana cewa sun riga sun haifi 'ya'ya biyu tun matarsa ta fari tana da rai. Tsakaninsa da babban ɗansa ya yi tsami, har cikin 1995 ya kai shi ƙara a kan sa sunan gidansu ga wani masaukin masu nutso a tsibiran Fiji. Cikin Janairu, 1996, wani jirgin kaya ya bugi Kalifso a tashar Singafo ya nutse. An tsamo shi, amma Kusto bai sāke tafiya cikinsa ba.

Akwai wani labari da ya bazu a ƙasashen Musulmi, cewa wai Kusto ya musulunta bayan ya ga shamaki a inda tekuna biyu suka haɗu. Gaskiya ne ruwaye biyu masu bambancin gishiri da ɗumi sukan jera ba su gauraya nan da nan ba, masana teku sun san haka. Amma zancen musuluntarsa, ƙungiyarsa ta rubuta takarda a 1991, yana da rai, ta ce bai auku ba. Malamai sun fi kowa sanin cewa ana auna labari da ingancin masu ruwaito shi, ba da daɗinsa a kunne ba.

Kusto ya mutu a Faris ran 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. Aka yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Notre-Dame, aka binne shi a garin da aka haife shi.

Har yanzu, a kowace safiya, a wani tsibiri mai zafi, akwai baƙon da ke durƙusa bisa rairayi a ruwan da bai fi tsayinsa ba, bututu a bakinsa, zuciyarsa na bugawa, malami na gabansa yana yi masa ishara da hannu ya ja numfashi. In ya ja, faifan roba ya lotsa, iska ta zo, kamar yadda ta zo wa Kusto a Bandol cikin 1943. Bambancinsu shi ne wannan baƙo yana da wanda zai gaya masa inda zai tsaya. Wanda ya sami ilmi a sauƙaƙe, ya kyautu ya tuna da waɗanda suka same shi da wuya, ya kuma riƙe dokokinsa da daraja.